Duhun Challawa ne ya zaɓa mini lens

Wani abokina dillalin fata ne ya taso ni daga Katsina, in ɗaukar masa hotunan kayansa a wata majema a Challawa. Hanya ba ta da labari: Kankiya, Bichi, Dawanau, sai ga Kano. Masaukin da na kama kusa da Bompai kuwa, Allah ya isa! Fanka ta mutu, janaretan maƙwabta na ruri, sauro ya kwana yana yi mini kiɗa. A Katsina ɗakin kara ko almajiri ka sauke ba ka ba shi irin katifar da suka ba ni.

Washegari muka shiga majemar. Warin tun daga bakin titi yake tarbar mutum, amma abin da ya fi tayar mini da hankali duhu ne, da rana tsaka. Manyan ganguna na juya fatu, ma'aikata na kai da komo, haske ɗan kaɗan ta tagogin sama. Kyamarata Canon ce mai ƙaramin sensa, da lens ɗin da aka haɗo ta da shi, 18-55. A wajen biki bai taɓa kunyata ni ba. A nan kuwa da na zuƙo zuwa 55, sai ƙofar haskensa ta tsuke daga f/3.5 zuwa f/5.6, duk wanda ya motsa ya fito kamar fatalwa. Abokina ya duba, ya miƙo mini, bai ce uffan ba.

Na garzaya wani shago a Sabon Gari. Mai shagon, da bakin ciniki irin na Kanawa, ya ɗora mini 24-70 a hannu. "Yallaɓai, shi manya ke riƙewa." Mai kyau ne, ba musu, amma ga nauyi ga tsada, kuma a kyamara irin tawa 24 ɗinsa kamar 38 yake komawa. A ƙuntataccen ɗaki sai ka ja baya har ka jingina da bango. Na zaɓi Tamron 17-50 na hannu, wanda f/2.8 ɗinsa ba ya sauyawa ko ka zuƙo. Wato a can ƙarshe hasken da yake sha ya kusa ninka na tsohon sau 4. Na haska fitilar waya cikin gilashin ina neman ƙura da funfuna, na murza zoben na ji ba ya cijewa, sannan na biya.

A Sharada na gwada shi da yamma, a ƙofar wata masaƙa da ta daɗe a rufe, awaki na kiwo a harabarta. Dattijon da ke gadi ya shimfiɗa mini buhu, ya kawo shayi da gurasa.

"Baba, me ya kashe ta?"

"Rashin wuta, ɗana, da atamfar China."

Da na zo cire lens sai ya nuna mini hazo da haɓa, ya ce in shiga ɗakinsa tukuna, kada ƙura ta cika ciki. Hotonsa da na ɗauka a wannan ɗaki, da hasken ƙofa kawai, shi ya fi duk na majemar fita.

Kai mai niyyar saye, ka tafi shago da kyamararka, ka nemi lungun da ya fi duhu ka gwada kafin ka ƙirga kuɗi.