Ku bar shiga gefen tirela a mararraba

'Yan'uwana na Zangon Kwatano, musamman matasa masu babur, da ku masu rawayar riga da ke neman halal da zem, wato acaɓa, don Allah ku saurare ni.

Unguwarmu ba ta da nisa da tashar jiragen ruwa, shi ya sa manyan motoci suka zame mana maƙwabta, sabo kuma ya cire mana tsoronsu. Ku lura da yadda tirela mai kwantena ke shan kwana zuwa dama. Sai ta fara buɗewa hagu, ta bar fili tsakaninta da bakin titi. Filin nan shi ke yaudarar mai babur, ya ga hanya ta samu, ya kutsa. Alhali tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, daidai inda ka tsaya da ƙafarka a ƙasa. Direba yana can sama, madubinsa ya juya tare da kan motar, rurin inji ya danne hon ɗinka. Wallahi bai san da kai ba. In ba ka hango fuskarsa a madubi ba, to shi ma bai gan ka ba. Tsaya bayanta, ta gama juyawa, kuɗin fasinja ɗaya bai kai ƙafarka ba.

Haka danja. Kore ya kama, babura su zabura kamar an buɗe wa tumaki garke, ga wani can ya taho a guje yana son tsallake ja. Dubi hagu da dama tukuna. A shataletalen Étoile Rouge kuwa, inda hanyoyi da yawa suka haɗu, kunna sigina da wuri, kada ka yanko daga ciki lokaci guda.

Tun watan Maris na 2024 'yan sanda suka matsa kan hular kwano har ga fasinja, kuma na ji daɗin hakan. Abin da ke ci mini rai shi ne hular da aka ɗora ba a ɗaure maɗaurinta ba, don gudun tara kawai. Ita ke fara tashi kafin kai ya kai kwalta.

Iyayenmu mata masu zuwa kasuwa da kaya a cinya, wani lokacin da goyo a baya, kuna da baki a maganar nan. Hajiya, in kin ga mai zem ɗin zai matse ki a jikin babbar mota, taɓa kafaɗarsa ki ce ya dakata. In ya ƙi ji, sauka ki tari wani, zem ba ya wuya a garin nan.