Daga Ina Za A Fara Karanta Magana Jari Ce?



Akwai tambayar da ƙannenmu masu sha'awar rubutu suka cika yi idan aka ce musu su koma su karanta Abubakar Imam: "To Yaya, ai Magana Jari Ce littafi uku ne, ga kuma Ruwan Bagaja, daga wanne zan fara?" Amsar da ke saurin fitowa daga baki ita ce, daga na ɗaya mana. Sai dai mu da muka tashi a cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Kusfa, daga Limancin Kona zuwa Unguwar Juma, idan muka tuna yadda littattafan nan suka shigo hannunmu, za mu ga 'yan kaɗan ne cikinmu suka fara daga na ɗayan.

Abin da ya faɗo hannu shi ake karantawa. Wani gidan na biyu ne kawai a cikin akwatin baba, bango ya cire, shafukan farko sun tafi. Wani na uku yayarsa ta gama da shi a sakandare ta bar masa. Wasunmu ma ba a takarda suka fara haɗuwa da aku ba, a wasan talabijin ne wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki, sai daga baya suka nemi littafin. Muna musaya a zaure bayan an taso daga makarantar allo: ba ni naka kwana biyu in ba ka nawa. Da yawanmu mun san Waziri Aku a matsayin waziri shekara da shekaru kafin mu san yadda aka yi tsuntsu ya samu rawani. Duk da haka littafin ya kama mu. Wannan shi ne abin da ya kamata marubuci ya tsaya ya yi tunani a kai.

Bari mu tuna yadda aka gina shi. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutun 1933 da Ruwan Bagaja. Aikin ya burge Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, shi ya sa a 1936 aka ɗauko shi zuwa nan Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Littattafan uku sun fito tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da 80 a cikinsu. Kowane labari yana tsaye da ƙafarsa, amma kowane littafi yana da babban labarin da ya ɗaure su, kuma manyan labaran nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba.

A na ɗaya rai ne a kan siratsi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya ɗana wa yaron tarko, jira kawai yake ya fito. Musa kuwa zuciyarsa na wajen daga. Ba abin da ke tsakaninsa da halaka sai bakin aku, wanda dole kullum ya samo labarin da zai riƙe shi har gari ya waye. A na biyu aku ya riga ya zama waziri, sai ga shi cikin gasar ba da labari da wani akun mai suna Haziƙ, kowa na neman kayar da ɗan uwansa. A na uku kuma uba ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Ka ga na ɗaya neman tsira ne, na biyu gasa, na uku makaranta.

Saboda haka amsarmu ta danganta da wanda ya yi tambayar.

Idan yaro ne ko babba wanda bai saba zama da littafi ba, kada mu ɗora masa uku a ka. Mu ba shi Ruwan Bagaja. Siriri ne, ana iya cinye shi tsakanin la'asar da isha, kuma da zarar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun fara yi wa juna ƙeta daga gari zuwa gari, ba sai an roƙe shi ya ci gaba ba. Ko kuma mu buɗe masa labari guda mai ban dariya, kamar na Sahoro da Sahorama ko na Kalala da Kalalatu, mu karanta masa da murya. Wanda ya yi dariya sau ɗaya zai dawo da ƙafarsa. Wanda aka ce masa wajibi ne ya fara daga shafin farko ya kai na ƙarshe, sau da yawa a shafi na goma yake ajiyewa, ya tafi da tunanin cewa tsofaffin littattafai ba nasa ba ne. Mun ga haka ya faru ga ƙannenmu da dama, kuma asarar ba ƙarama ba ce, don mai karatun da aka kora da wuya ya waiwayo.

Idan kuwa marubuci ne, irinmu da ke nan, to a nan ba mu da sassauci: ya ɗauki na ɗaya, ya bi shi a jere, kada ya tsallake hirar da ke tsakanin labari da labari. Muna yara waɗannan wuraren muke tsallakewa don mu isa ga labarin, alhali a nan darasin yake. Duba yadda aku ke jefa ƙugiya: ya ambaci wani abu a taƙaice, Musa ya tambaya, shi ke nan ya kamu. Duba yadda labarin wauta, wanda shi kaɗai abin dariya ne kurum, yake ƙara nauyi idan ka tuna ana ba da shi ne don kada a kashe mai sauraro. Dariyar tana zaune a kan tsoro, shi ya sa ba ta gundura. Bayan na ɗaya, mai gaggawar koyon sana'a zai iya tsallakawa na uku ya zauna kusa da Fasih ya saurari gyaran da ake yi masa, sannan ya komo na biyu ya ga yadda gwanaye biyu ke karawa.

Wannan muhawara ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Ingila, marubucin barkwanci Terry Pratchett ya rubuta littattafai 41 a duniyar da ya ƙirƙira mai suna Discworld, daga 1983 har zuwa 2015 da ya rasu. Masoyansa har taswira suke zanawa ta inda za a shiga, kuma da yawansu ba sa tura sabon mai karatu ga na farkon, sai su nuna masa Mort ko Guards! Guards!, don a ganinsu a nan hannun marubucin ya faɗa. Doguwar tafiya ta gaji haka: farkon da marubuci ya fara ba lalle ne ya zama farkon da ya dace da baƙo ba.

A nan ne zancen ya dawo kanmu. Yawancinmu yau labari mai dogon zango muke rubutawa, kashi-kashi, a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wani ya kai kashi 80, wani ya haura 100. Muna rubutu kamar kowa ya fara tare da mu tun ranar farko. Ba haka abin yake ba. Mai karatu yakan ci karo da mu ne a kashi na 37 da wata ƙawarsa ta tura masa, daidai da yadda muka tsinci na biyu marar bango a akwatin baba. Idan ya karanta bai san wa ke magana ba, bai ga me ake tsoron rasawa ba, ba a fara komai an gama a gabansa ba, ba zai nemi kashi na ɗaya ba. Zai wuce abinsa, mu kuma mu zauna muna cewa mutane sun daina karatu.

Ganuwar birnin nan ƙofofi gare ta da yawa. Wanda ya shigo ta Ƙofar Doka da wanda ya biyo ta Ƙofar Gayan ko Kuyambana duk suna iya isa fada. Haka Imam ya gina littafinsa, shi ya sa bayan shekara 80 da ɗoriya ana shigarsa ta ko'ina. Abubuwa uku ya tanada waɗanda za mu iya gwadawa a namu aikin. Na farko, kowane kashi ya ƙunshi wani abu da ya fara ya kuma ƙare a cikinsa, ko da ƙarami ne. Na biyu, babban abin da ake fargaba ya riƙa leƙowa a kai a kai cikin jimla ɗaya ko biyu, ba tare da an maimaita labarin baya gaba ɗaya ba. Na uku, taurarin su kasance ana gane su daga bakinsu, yadda ko an rufe suna za ka san Zurƙe ne ke magana.

Ga ɗan aikin da za mu ɗauka a wannan mako. Kowa ya zaro kashi ɗaya daga tsakiyar labarinsa, ya ba wanda bai taɓa karanta shi ba, kada ya yi masa bayanin komai. Idan ya gama, tambaya ɗaya za a yi masa: kana son na gaba, ko na baya? Duk wanda ya zaɓa, an yi nasara. Idan ya yi shiru yana sosa ƙeya, to mun san inda gyara yake.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya ƙara mana basira da haƙurin gyara. Sai wani makon in Allah ya kai mu.