Daga Zongo Zuwa Dandalin 'Yanci: Abin da Hoto Ya Tuna Mana



A lokacin hutun makaranta mun ɗebi ɗaliban Islamiyya 12 daga Agoè-Zongo zuwa tsakiyar birnin Lome, da nufin ɗaukar hotunan wuraren tarihi. Zangonmu na farko shi ne Dandalin 'Yancin Kai, daura da otal ɗin 2 Février. A nan wani katafaren bango yake tsaye, an huda siffar mutum a jikinsa, ya ɗaga hannuwa yana tsinka sarƙa, domin tunawa da ranar 27 ga Afrilu, 1960, da Togo ta sami 'yanci daga Faransa. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Paul Ahyi, wanda ya zana tutar ƙasar, ya kuma rasu a 2010. Mai riƙe da kyamara sai da ya durƙusa, har sararin samaniya ya cika gurbin siffar.

Muna cikin haka wani yaro ya ce, "Malam, wannan ba gunki ba ne?" Muka yaba wa tambayarsa. Muka ce masa mu Musulmi ba ma sassaƙa siffar mutum, ba ma rusuna mata. Amma sanin tarihin ƙasar da aka haife mu a cikinta wajibinmu ne, domin tun zamanin Jamusawa kakanninmu fatake suke a wannan birni, kuma da su aka ga wannan rana.

Daga nan wani dattijo da ya rako mu ya kai mu inda tsohuwar Zongo take, wadda hukuma ta rushe a 1977, aka mayar da jama'a arewacin gari. Ya nuna mana wurin da zauren mahaifinsa yake a da. Ba mu ga ko allo mai ambaton unguwar ba. Yaran suka yi tsit, suka ɗauki hoton yatsansa yana nuni.

Ƙasa ta gina abin tunawa da 'yancinta. Namu abin tunawar yana cikin akwatunan iyayenmu. Saboda haka muna roƙon duk mai tsohon hoton Zongo ya kawo ofishin ƙungiya a kwafa, a rubuta sunayen mutanen ciki, tun masu gane su suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.