Auta Zai Shiga Jirgin Ruwa

Yelwa babban gari ne a ƙasar Yawuri, cikin Jihar Kebbi, nan ne fadar Sarkin Yawuri take. Garin yana bakin Kogin Kwara, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, kana ya shigo Nijeriya. Mutanen wannan wuri sun saba da ruwa ƙwarai. Akwai Sarkawa, su masunta ne. Akwai Gungawa, waɗanda kakanninsu suka zauna a gungu, watau tsibiri, suna noman albasa da shinkafa. Akwai kuma Kambari da Shangawa da Hausawa 'yan kasuwa.

A dā kogin yana gudu ne tsakanin tsibirai da duwatsu. A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa a Kainji domin a sami wutar lantarki, aka gama a 1968. Da aka tare ruwa sai ya taru ya zama tafki babba, tsawonsa ya fi kilomita 130, Yelwa tana wajen kansa na arewa. Ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka masu yawa, har da tsohon garin Busa. Mutum wajen 44,000 aka tasa, aka gina musu sababbin garuruwa a kan tudu. Tun daga lokacin, wanda ke da dangi a wancan ƙetare, hanyarsa mafi kusa ita ce jirgin ruwa.

To, akwai wani yaro a Yelwa, ɗan shekara goma, ana ce masa Auta, gama shi ne ƙarami a ɗakinsu. Ubansa tela ne a kasuwa. Auta kullum yana ganin jirage suna zuwa suna tafiya, amma bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Iyakarsa ya tsaya a gaɓa ya jiƙa ƙafafunsa.

Ran nan da bazara aka bugo waya, aka ce yayarsa da ke aure a wani ƙauye kusa da Shagunu, a ƙasar Bargu, ta haifi ɗa namiji. Gida ya cika da murna. Aka shirya Kaka ne zai tafi suna, ya tafi da Auta, su isa ana gobe suna. Amma fa akwai wata matsala. Matuƙin da gidansu suka saba shiga jirginsa shekara da shekaru ya jawo jirgin tudu ana gyara. Tilas su bi wani wanda ba su sani ba.

Auta ya ce, “Kaka, ai jirgi jirgi ne. Mu shiga ko wane muka tarar.”

Kaka ya yi dariya ya ce, “Abokina, ko jaki za ka saya sai ka duba ƙafafunsa, balle abin da zai ɗauki ranka a kan ruwa. Ɗauko hularka mu tafi.”

Shi Kaka a gungu aka haife shi. Yana yaro kamar Auta lokacin da ruwa ya cinye ƙauyensu, saboda haka ba abin da bai sani ba na sha'anin tafkin nan.

Saura kwana uku su tashi suka gangara bakin ruwa. Kaka bai doshi jirage ba tukuna. Sai da ya fara zuwa wurin wani dattijo wanda ke shugabancin masu jirage, suka gaisa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ke zuwa Shagunu cikin kwanakin nan? Ɗan gidan wane ne? Shekararsa nawa yana bin hanyar?” Dattijon ya nuna masa mutum biyu, ya gaya masa asalin kowa. Da suka juya Kaka ya ce wa Auta, “Ka ji abu na farko. Matambayi ba ya ɓata.”

Suka je wurin jirgi na farko. Ya sha sabon fenti shuɗi da ja, sai ƙyalli yake yi. Auta ya ce, “Kai, wannan ya yi kyau!” Kaka bai ce kome ba. Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa, ya danna shi da farce, farcen ya shige. Ya leƙa ciki, ya ga ruwa ya kwanta har ya rufe idon sawu, ga tsummoki an cusa a tsakanin katakai. Ya gai da mai jirgin da ladabi, suka wuce.

Jirgi na biyu fentinsa ya koɗe, amma katakonsa da ƙarfi, cikinsa kuwa a bushe. Mai jirgin yana zaune yana wanke injin. Kaka ya ce, “Sannu da aiki, Malam.” Ya ce, “Yauwa, sannu Baba. Ina gajiya?” Suka gaisa, sa'an nan Kaka ya shiga yi masa tambayoyi. Mutum nawa yake ɗauka? Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, yana da abin tuƙi na hannu? Ina ƙwaryar kwashe ruwa? Yana da rigunan ruwa, har da na yara? Ƙarfe nawa yake tashi?

Mai jirgin bai ji haushi ba. Ya ɗaga wani buhu ya nuna musu riguna, ya nuna abin tuƙi guda biyu da doguwar gora, ya ce, “Da hantsi nake tashi, Baba. Ba na kai yamma a kan ruwa da bazara, dare kuwa ba na tafiya ko nawa za a biya ni.” Kaka ya ce, “Madalla. In Allah ya kai mu ranar, ka aje mana wuri biyu.”

A hanyar gida Auta ya ce, “Kaka, don me ba ya son yamma?”

Kaka ya ce, “Da bazara hadari yakan taso daga gabas, galibi bayan azahar, da iska mai ƙarfi a gabansa. A kan tafki ba abin da ke tare iska, sai ta ta da raƙuman ruwa. Ga kuma wani abu. Ruwan nan sau biyu yake ƙaruwa a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga rafukanmu na kusa, yana ɗauke da laka. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso mana da sanyin hunturu, ya riga ya tace. Yanzu kuwa duka biyu sun wuce, tafki yana ja baya. Itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968, kututturan waɗansunsu suna nan tsaye a ƙarƙashi. Da rana matuƙi yakan hango su ya kauce. Da dare fa?”

Auta ya ce, “Ba zai gani ba.”

Kaka ya ce, “Shi ke nan. Shi ya sa hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda babban ofishinta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa.” Ya yi shiru kaɗan, kana ya ce, “A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zai zo Wara, a ƙasar Ngaski. Ya ɗauko mutum fiye da 150, abin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ya nutse a hanya, kaɗan ne suka tsira. Har yau akwai gidajen da ba su daina kuka ba. Ban gaya maka don ka ji tsoro ba, abokina. Na gaya maka don ka san abin da muke dubawa.”

A gida kuma Inna tana nata shiri. Ta haɗa kayan barka, zane biyu da sabulu da 'yan rigunan jariri, ta naɗe su cikin leda, ta ɗaure bakin tam don kada su jiƙe. Ta soya kifi, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino, ta cika gora da ruwan sha. Auta ya so ya ɗauki jakarsa ta makaranta da ƙwallonsa da takalminsa mai igiya. Inna ta ce, “A'a. Riga ɗaya ta canji ta isa. Ka sa silifa, wanda za ka iya tuɓewa nan da nan.”

Kakarsa mace tana zaune a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce, “Maigida, za ka tafi ka bar ni ba cefane? In ka ga dorina kada ka yi kuka ka ba ni kunya.” Auta ya ce, “Ni ba na kuka, tsohuwa.” Kowa ya yi dariya.

Da dare Kaka ya zaunar da shi ya koya masa dokokin jirgi. In ka shiga, ka zauna inda aka nuna maka. Kada ka miƙe tsaye jirgi yana tafiya. Kada ka sa hannu cikin ruwa. In ka ga abin mamaki a gefe ɗaya, kada ka ruga can, gama in kowa ya koma gefe ɗaya jirgi sai ya kife. Abin da matuƙi ya ce shi za a yi, ko da sarki ne a ciki. Auta ya maimaita su har ya haddace.

Ran tafiya suka yi asubanci. Baba ya yi musu addu'a, suka gangara. Bakin ruwa ya cika maƙil. Ga buhunan albasa tuli, ga kwandunan busasshen kifi, ga babura da awaki. Jirgin nan mai sabon fenti ya riga ya ta da inji, yaransa suna kira, “Shagunu! Shagunu! Saura mutum biyu! Baba, ku zo, an rage muku kuɗi!” Nasu jirgin kuwa ko rabi bai cika ba.

Auta ya ja rigar Kaka ya ce, “Mu shiga mana, kada mu makara. In ba mu isa yau ba, suna ya wuce mu.”

Kaka ya ce, “Dubi bakin jirgin. Nawa ne tsakaninsa da ruwa?” Auta ya duba ya ce, “Bai fi yatsa huɗu ba.” Kaka ya ce, “Ni in bai kai kamu ɗaya ba, ba na shiga. Gara mu rasa suna da a haɗa suna da zaman makoki.” Jirgin ya tafi, suka zauna suna jira.

Da hantsi nasu ya cika daidai. Mai jirgin ya ƙirga mutane, ya rubuta sunayensu, ya raba riguna. Kaka ya ɗaura wa Auta tasa, ya ja ta sama ya ga ba ta zamewa. Ana shirin tashi sai ga wani ɗan kasuwa da buhu goma na albasa, ya ce zai biya ninki biyu. Mai jirgin ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, ya isa haka.” Alhajin ya yi ta roƙo, ya koma faɗa, mai jirgin bai sake magana ba, ya sa gora ya tura jirgi. Kaka ya raɗa wa Auta, “Ka ga mutumin da muka zaɓa.”

Suka yi bisimilla, jirgi ya kama hanya. Yelwa ta yi ta ƙanƙancewa a bayansu. Auta ya ga masunta suna jefa birgi daga kwalekwale, ya ga kan kututturai baƙi ƙirin suna leƙowa, matuƙi yana kauce musu. Kaka ya nuna kudu ya ce, “Can gaba tsohuwar Busa take kwance a ƙarƙashin ruwa. A nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce Yawuri. A 1830 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Yawuri neman takardunsa, daga baya suka bi kogin har teku.”

Da suka fita sarari sai iska ta taso. Raƙuman ruwa suka riƙa dukan gefen jirgi, yana tashi yana sauka. Gaban Auta ya faɗi, ya ji kamar ya miƙe. Sai ya tuna da doka, ya riƙe katako ya zauna daram. Ya lura ruwa yana hawowa gefen jirgi, amma ba ya kai baki, sai ya koma. A nan ne ya gane amfanin kamu ɗayan nan.

Can gaba suka hango jirgi mai sabon fenti ya raɓe a bakin wani tsibiri. An sauke mutane, ana fid da jiƙaƙƙun buhuna, yara suna ta kwashe ruwa. Matuƙinsu ya rage gudu ya tambaya ko lafiya. Aka ce ba wanda ya ji ciwo, amma sai an sauke rabin kaya kafin su ci gaba. Wanda ya riga tashi, ga shi an wuce shi. Sauri ya haifi nawa.

Kafin hadari ya haɗu sun sauka lafiya. Yayar Auta ta fito da murna, ta miƙa masa jariri ta ce, “Ga ɗanka, yau ka zama kawu.” Kashegari da safe aka raɗa suna, suna cikin masu shaida.

Yara, in tafiyar ruwa ta kama ku, ku tuna shiri tun a tudu ake yinsa. Ku tambayi wanda ya sani, ku duba katako ba fenti ba, ku sa rigar ruwa, ku ƙi jirgin da aka cika fiye da kima ko da kyauta ne.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar ruwa ta Kainji?
2. Mene ne bambancin farin ruwa da baƙin ruwa?
3. Don me Kaka ya ƙi jirgi mai sabon fenti?
4. Faɗi dokoki uku na zaman jirgi.