Wutar da ba ta da hayaƙi

 

A hutun da ya wuce, yayanmu da ke karatu a Yamai ya zo gida da wani littafi da ya sha hannu, fassarar Faransanci. Sunansa Fahrenheit 451, wani Ba'amurke mai suna Ray Bradbury ya rubuta shi, ya fito a 1953. Lambar nan ma'aunin zafi ce, wajen digiri 233 a ma'aunin da muka saba, wai a nan takarda take kamawa da wuta. Kullum bayan sallar isha'i sai mu kewaye fitila, yaya yana karantawa, yana fassara mana inda ya yi tsauri.

Labarin wata ƙasa ce da aka hana ajiye littafi. Ƴan kwana-kwana a can ba kashe gobara suke yi ba, su ne masu cinna ta: duk gidan da aka samu littattafai, sai su ƙone shi ƙurmus. Ɗaya daga cikinsu, Guy Montag, yana jin daɗin aikinsa, har ya haɗu da wata yarinya maƙwabciyarsa, Clarisse, sa'armu, mai shekara goma sha bakwai. Laifinta ɗaya: tana son sanin dalilin kowane abu. Ita ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki, tambayar ta hana shi barci. Daga baya ya ga wata tsohuwa ta zaɓi ta ƙone tare da littattafanta, sai ya fara tunanin lalle akwai wani abu a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin shugaban aikinsa, Beatty. A faɗarsa, ba hukuma ce ta fara ba. Mutane ne da kansu suka gaji da karatu, suka koma kallon manyan allunan hoto da ke jikin bangon ɗakunansu, suka tsani duk wanda ya fi su tunani. Hukuma ta zo ne daga baya, ta tarar an riga an share mata hanya. Da yaya ya kai nan, muka dubi juna, don kuwa rabinmu da waya a hannu muke saurare.

A ƙarshe Montag ya gudu ta kogi, ya iske wasu mutane a daji, kowannensu ya haddace littafi ko wani sashe nasa, suna jiran ranar da za a sake rubutawa. Yaya ya ce Turawa suna mamakin wannan wuri. Mu kam ba mu yi ba. Mun taso da allo da tawada, mun san abin da ke ƙirji ya fi ƙarfin gobara. Har mun fara jin kanmu, muna cewa ai mu ne mutanen dajin nan.

Sai yaya ya ba mu labarin wani littafin, Anthem, na Ayn Rand, haifaffiyar Rasha, wanda ya fito a 1938. A can kalmar "ni" ce aka kashe. Kowa "mu" yake cewa, kuma sunan mutum lamba ce. Wani saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa yana son ya zama masani, aka ce shara zai yi a titi. A ɓoye ya riƙa bincike cikin wani tsohon rami har ya haɗa fitilar lantarki. Ya kai wa majalisar masana da murna, suka ƙi ta, saboda shi kaɗai ya gano ta, kuma za ta kashe wa masu kyandir kasuwa.

Wannan ya tuna mana wani abu da ba mu so tunawa ba. Wata rana a darasin nahawu muna biya Ajurumiyya da ka, baki ɗaya, sai wani ɗan ajinmu mai yawan shiru ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, mun haddace cewa inna tana nasabta suna, to amma don me?" Muka tuntsire da dariya, wani ma ya ce, kai, ka fi Sibawaihi ne? Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, tambayarka ta fi haddarsu ta yau." Ya tsaya ya yi bayani, mu ma da muka yi dariyar sai a ranar muka gane. Amma yaron bai sake ɗaga hannu ba har aka yi hutu. Babu ashana, babu kananzir, mun ƙona wani abu a ajin nan. Mun ɗauka mu ne masu haddar daji, ashe a ranar mu ne ƴan kwana-kwana.

Ba mu yarda da inda Ayn Rand ta tsaya ba, don ta ɗaga "ni" har ta kusa mai da shi abin bauta. Mu mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko wannan rubutu da "mu" muka yi shi, don haka aka koya mana ladabi. Sai dai "mu" ɗinmu na mutane ne masu suna, kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, kuma gobe kiyama kowa da hisabinsa. Jama'ar da ba ta barin ɗanta ya yi tambaya, wata rana za ta nemi mai ba ta amsa ta rasa.

Saboda haka, ƴan'uwa, idan an koma aji, wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, wanda ya gane ya riƙe dariyarsa. Kai kuma abokinmu, ka san kanka: ka yafe mana, kuma muna jiran tambayarka ta gaba.