Tabon da ke Kumatun Yaya

Duk wanda ya tashi a Jimeta zamanin jihar Gongola ya san gyambo. Muna yara muna yawo ba takalmi daga Luggere zuwa bakin Binuwai, kusan kowa da nasa a ƙauri, an shafe shi da shuɗin maganin kemis, ƙuda na binsa. Ba mai tambayar wane iri ne. Sunansa ɗaya, maganinsa ɗaya: garin bagaruwa, aidin, in ya ƙi ji a je a sha allurar fenisilin.

Na yayata ne ya ƙi bin wannan tsari. Ta yi damina a wurin Kawu, can gindin duwatsun Madagali, inda ake kwana a tsakar gida in zafi ya matsa. Bayan kaka sai wani ɗan ƙurji ya fito mata a kumatu, ba zafi, ba ƙaiƙayi sosai. Ya yi ta girma har ya fashe, bakinsa ya taso kamar na kasko, tsakiyarsa ta yi ɓawo. Goggo ta ce jifa ce. Aka kira wanzami, aka yi turare, aka yi allura bakwai, miki yana nan.

Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne ranar da wata maƙwabciya ta rage murya ta ce wa mahaifiyarmu, "Dada, da kun gwada Garkida." A Adamawa kowa ya san abin da ake nufi, domin tun 1929 asibitin kutare yake can. Daga ranar iyaye suka janye 'ya'yansu, Yaya ta koma cin abinci a kwanonta ita kaɗai. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta sha ƙyama a kan cutar da ba ta da ita. Wajen wata bakwai mikin ya bushe da kansa, ya bar tabo kamar faɗin kwabo. Wani tsohon ma'aikacin asibiti a unguwarmu ya duba ya ce, "Irin wannan ba ya zuwa sau biyu." Sai bayan shekaru masu yawa wani likitan fata ya ga tabon, ya ji labarin, ya ce alamu duka na cutar leshmaniya ne.

Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, ƙudan yashi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Ba ya kuka kamar sauro, daga magariba zuwa asuba yake cizo, kuma a ramukan ɓeraye yake fakewa, inda yake ɗebo ƙwayar cutar. Sunan cutar ya samo asali daga William Leishman, likitan sojan Birtaniya da ya bayyana ƙwayar a 1903. An fara rubuta labarinta a Nijar tun 1911, kuma Mokolo, a tsallaken iyakarmu da Kamaru, sanannen wurinta ne. Duwatsun Mandara ne dai suka raba Mokolo da inda Yaya ta yi damina.

Maganar tsohon ma'aikacin asibitin nan tana da tushe a yadda garkuwar jiki take aiki. A jikin mutum akwai manyan ƙwayoyin tsaro da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi. Ita wannan ƙwaya sai ta bari a haɗiye ta, ta zauna cikin mai gadin, ta hayayyafa. Da ɗan gari akan ci gari. Sai wasu fararen ƙwayoyin jini sun gane ta, sun zaburar da masu gadin, sannan ake fara kashe ta daga ciki. Yawancin ɓarnar da ake gani a fata ta wannan artabu ce. Idan jiki ya yi nasara ba ya mantawa, shi ya sa mutanen Bagadaza da Halab a da suke sa wa yara cutar da gangan a wurin da tufa ke rufewa, don kada ta fito musu a fuska.

Amma ba kullum ake ƙarewa haka ba. A Kudancin Amurka akwai irin da ke komawa hanci da baki bayan shekaru ya cinye su, saboda garkuwar ta wuce gona da iri alhali ƙwayoyin cutar kaɗan ne. Wanda kuma kanjamau ya raunana, cutar takan bazu masa a jiki ta ƙi warkewa.

Gane ta ba ya bukatar abu mai yawa. A kankaro ɗan nama daga bakin mikin, a shafa a gilashi, a zuba rinin Giemsa, a duba a madubin likita. A sabon miki akan ga ƙwayoyin cunkushe cikin masu gadin, a tsoho kuwa sukan yi wuyar samu. A 1926 João Montenegro na Brazil ya fito da gwajin allurar fata, wadda ake dubawa bayan kwana biyu zuwa uku, sai dai tana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da cutar ne kawai, ko da ya daɗe da warkewa. Yanzu akwai gwajin da ke gano ƙwayar halittar cutar har ya faɗi irinta. Madubi da rini suna Yola tun muna yara. Tunanin a duba ne bai zo wa kowa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da leshmaniya ta fata kowace shekara, amma kusan 200,000 kawai ake rubutawa. Yaya tana cikin waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Yau Yola tana da asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, Jimeta tana da Asibitin Ƙwararru, Garkida kuma ta zama asibitin fata baki ɗaya. Ina roƙon iyaye, mikin da ya yi wata guda bai ji magani ba, musamman a fuska ko hannu, a kai shi asibiti, a gaya wa likita inda yaron ya yi damina, a nemi a kankara a duba kafin a raba masa kwano.