Daga Jakara Zuwa Tiga: Ranar Da Umma Ta Shiga Kwale-kwale

Mai karatu, in kai ɗan Fagge ne kamar ni, to ruwa uku ka buɗe ido ka gani: na 'yan garuwa, na sama, sai kuma Jakara. Ita ce kogin namu. Daga cikin birni ta ke fitowa, wajajen Kasuwar Kurmi, ta biyo ta gefen Fagge da Sabon Gari, ta je ta zube a dam ɗin Wasai da ke kusa da Minjibir. Tsofaffi su kan ba da labarin ta da girmamawa, domin sunan ta na cikin tarihin kafuwar Kano tun zamanin Barbushe. Amma mu dai abin da mu ka tarar shi ne baƙin ruwa mai ɗauke da leda da robobi, wanda in ƙwallon ka ta faɗa ciki sai a yi ƙuri'a kan wanda zai shiga. A mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma rufe ta ana shimfiɗa titi a kai. Yanzu yaro zai iya wucewa ta kan ta a Adaidaita bai san akwai ruwa a ƙasa ba.

Ruwa mai kyan gani kuwa, a talbijin mu ka san shi. Wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san tafkin Dal na Kashmir, inda Shammi Kapoor ya yi ta tsalle a cikin jirgi a fim ɗin Kashmir Ki Kali na 1964. Iyayen mu a Plaza su ka kalli irin waɗannan. Mu kuma mu ka taso da waƙoƙin finafinan mu na gida, inda jarumi da jaruma ke zaune a kwale-kwale, iska na kaɗa gyale, duwatsu a bayan su. Da yawan waƙoƙin nan a Tiga aka ɗauke su.

Bari in tona wani ɗan asiri na industiri, 'yan'uwa furodusoshi ku yi haƙuri. Na taɓa bin wani ayarin shutin zuwa Tiga don ɗauko rahoto. Jirgin da ku ka ga kamar ya yi nisa a tsakiyar ruwa, wallahi a ɗaure ya ke da igiya, ruwan bai wuce gwiwa ba, wani yaro ne a duƙe a baya ya na girgiza shi. Da kwanan wata biyu a lokeshin, ban ga mutum ɗaya da ya yarda ya bar gaɓa ba. Ni ma ban bari ba. Abin ya tsaya mani a rai: ga ruwa har iya ganin ka, mun zo mun yi masa hoto mun tafi.

To, shi ne cikin watan Oktoba na 2024 na ce zan kai mutanen gidan mu. Mu takwas: ni, Umma, Yaya da yaran ta uku, autan mu, sai abokina mai ɗaukar hoto, ɗan Sabon Gari, wanda ya ce shi ma duk zuwan sa Tiga bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Da na faɗa wa Umma, ba ta ɗago daga tsintar shinkafar ta ba. Ta ce, "Ruwa? Da jikoki na? Ka manta Bagwai ke nan?"

Ban manta ba, kuma babu Bakanon da zai manta. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai, cike da 'yan makarantar Islamiyya da za su wajen Maulidi. Lodi ya yi masa yawa, ya kife. Aƙalla mutum 29 su ka rasu, yawancin su yara ƙanana. Allah ya ji ƙan su. Don haka ban yi wa Umma musu ba. Na ce mata ta zo kawai ta zauna a gaɓa ta sha iska, in ba ta gamsu da abin da ta gani ba, ko autan mu ba zai taka jirgi ba. Ta ce, "Allah ya kai mu," irin wadda ka san ba amincewa ba ce.

Abin da ya ci mani kwana biyu shi ne neman rigar ruwa, wato rigar nan mai soso da ke hana mutum nutsewa. Na soma da Kantin Kwari don ta fi kusa da gida, aka yi ta nuna mani rigar ruwan sama. Na tsallaka Kasuwar Sabon Gari, layi-layi. Wani ya ce in je wajen masu kayan masunta, su kuma su ka ce su taru da ƙugiya su ke sayarwa. Daga ƙarshe a shagon wani Ibo mai kayan wasanni na samu guda huɗu, biyu na yara, biyu na manya, sun yi ƙura a saman kanta. Ya dube ni ya ce, "Oga, fim za ku yi?" Na ce a'a, shiga za mu yi da gaske. Ya yi dariya, ya rage mani kuɗi.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba mu ka ɗauki shatar ƙaramar bas daga Fagge. Titin Zariya za ka miƙa, ka haye gadar Tamburawa, ka wuce Kura da Kadawa. Tun daga nan ma ka soma ganin aikin Tiga ba ka kai ba, domin gonakin shinkafar da ke dama da hagu da ruwan ta ake noma su, haka tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan. Sai ka saki babban titi ka bi hanyar da ta wuce ta Bagauda. Yaya ta nuna wa yaran wurin da otal ɗin Bagauda ya ke a da, inda yanzu makarantar horar da lauyoyi ta ke. Direban mu kuma, dattijo ne, ya ɗauko labarin ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agusta na 1988. Na yi ta yi masa ido ta madubi ya bar zancen, ina! Umma dai carbi kawai ta ke ja. Tafiyar duka kamar kilomita 70 ce.

Ko sau nawa ka je, ganin farko sai ya tsayar da kai. Kogin Kano aka tare da ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, tudun ta ya kai mita 48, aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan da ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Ƙarshen damina ne, dam ya cika, duwatsun da ke kewaye sun yi shar da ciyawa, ga ginin Rock Castle can a kan dutse, wanda duk mai kallon waƙoƙin da ya san shi ko da bai san sunan sa ba. Ƙaramar 'yar Yaya ta ce, "Kawu, wannan ne teku?" Autan mu ya ce mata eh. Ban gyara ba.

Na ga yadda Turawa ke irin wannan fita a Amurka, cikin kwazazzabon Grand Canyon da kogin Kolorado ya haƙa, mai tsawon kilomita 446. Jirgin roba su ke hurawa, kowa da rigar sa, kuma sun kasa ƙarfin gudun ruwa mataki-mataki. Mu nan Kano abin da ya fi kama da kwazazzabo shi ne wajen dam ɗin Challawa a Ƙaraye, wanda aka gama a 1992. Tiga kuwa ruwa ne kwantacce, ba gudu ya ke ba. Ga wanda bai taɓa shiga ba, wannan rahama ce. Sai dai babu ofishin da za ka yanki tikiti ya ba ka riga ya karanta maka doka. Masunta ne, da jiragen su na katako, ciniki kuma baki da baki. Duk tsarin da ka ke so, kai za ka zo da abin ka.

Na farko da ya tare mu wani matashi ne mai jirgin inji. Ya ƙirga mu da ido ya ce, "Ku taho duka, har da waɗancan," ya na nuna wasu samari biyar da su ka zo yawo. Na ce jirgin mutum nawa ya ke ɗauka? Ya ce, "Yallaɓai, ai ko ashirin ne Allah ke kiyayewa." Na waiga, na ga Umma ta riga ta juya ta nufi mota. A raina na ce shi ke nan, kuɗin shata ya tafi.

Wanda ya ceci tafiyar wani tsoho ne da ke zaune ya na ɗinkin taru. Bai ma yi mana talla ba. Rigunan da ke hannun autan mu ya gani, ya ce a miƙo masa ɗaya, ya jujjuya ta, ya ja igiyoyin. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, dawo. Ni mutum huɗu na ke ɗauka, ni na biyar. Kuma ba na barin gefen dutse." Umma ta tsaya. Ta ce, "Malam, ka na da jikoki?" Ya ce goma sha ɗaya. Ta ce, "Ka na saka su a ciki?" Ya nuna wani yaro da ke kwarfe ruwa daga jirgin da gwangwani. Ta daɗe ta na kallon yaron, sannan ta ce a fara da manya ta gani.

Riga biyu ce ta manya, don haka ni da abokina mu ka fara. Gaskiya ƙafa ta ta yi rawa. Kwale-kwale na amsa duk motsin da ka yi, ko hannu ka sa a aljihu sai ya faɗa maka. Baba ya ce, "Samari, zauna a tsakiya, ka sa nauyin ka ƙasa. Kar ka miƙe ko me ka gani. In ka ji ya karkata, kar ka kama gefe, ka bar ni da shi." Da gora ya fara tura mu, da ƙasa ta ƙare ya ɗauki filafili. Bayan minti biyar sai na ji abin da ban taɓa ji a Fagge ba: shiru. Babu janareta, babu hon, sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Ya bi da mu ta wani lungu inda duwatsu biyu su ka matso juna, ruwan ya yi duhu ya yi sanyi, murya na dawowa. Balbelu sun yi fari a kan wata busasshiyar bishiya da ta fito daga ruwa. Baba ya ce irin ta na nan da yawa a ƙasa, tun bishiyoyin da ruwa ya cinye lokacin da aka tare kogin, kuma kututturen su ne ke fasa jirgin wanda bai san hanya ba, musamman mai gudu da inji. Abokina ya saki kyamara a cinya, ya ce, "Shekara nawa mu na ɗaukar bango, ashe ɗakin na ciki."

Na tambayi Baba lokacin da ya fi dacewa. Ya ce da safe, kafin iska ta tashi. Da damina in ka ga gabas ta haɗe, ko an biya ka kar ka shiga. Da hunturu kuma iska da hazo ne matsala. Ya ƙara da cewa a hana yara wanka a gefen da ruwa ya kwanta cikin ciyawa, saboda tsargiya. Wannan na riƙe shi da kyau, domin ita ba a ranar ta ke nuna kan ta ba.

Zuwa na biyu Yaya ce da yara biyu, ni kuma na koma don in riƙe ƙaramar. Babban ya yi kuka don babu rigar da za a ba shi sai an dawo, Umma ta ce ya yi ta yi. A hanyar dawowa iska ta ɗan motsa, igiyar ruwa ta mari gefen jirgi ta watso mana. Yaya ta yi salati da ƙarfi, ta yunƙura za ta miƙe. Baba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "'Yata, zauna." Ta zauna. Ya miƙa wa yaron gwangwani ya ce ya kwarfe, ya juya hancin jirgin ya fuskanci iskar. Yaron ya samu aikin yi, ya manta da tsoro. Ni kuwa sai da mu ka taka ƙasa na lura hannun yarinyar ya yi ja saboda riƙon da na yi masa.

Na ɗauka Umma ta ga wannan, magana ta ƙare. Mu ka zauna cin abinci, dafa-duka daga gida da ƙarfasa da tarwaɗa da mata ke soyawa a bakin ruwa. Ana cikin ci iska ta kwanta. Sai ji na yi ta ce wa Yaya, "Ba ni rigar nan." A kan hijabi ta ɗaura ta, autan mu ya ja mata igiya. Ta ce wa Baba, "Malam, iya inda zan iya ganin motar mu." Ta shiga da bisimilla, ita da autan mu da babban jikan ta da ya sha kuka. Daga gaɓa mu na hangen ta zaune ƙyam, hannu ɗaya da carbi. Da su ka juyo, sai mu ka ga ta saki ɗaya hannun a cikin ruwa. Abokina ya ɗauki hoton, ta ce in ya kuskura ya fito a mujalla ba ni ba ita. Shi ya sa ba ku gan shi a shafin nan ba.

Kafin la'asar mu ka kamo hanya, don ba na son dare a titin Zariya. Mun shigo gari ana kiran magariba. Da mu ka hau titin da ke kan Jakara, Umma ta ce wa yaran akwai kogi a ƙarƙashin mu. Ƙaramar ta leƙa ta taga ta ce ita ba ta ga jirgi ba.

Rigunan huɗu na nan rataye a ɗaki na. Wani furodusa ya ji labari ya aiko a ara masa, wai za su Tiga ɗaukar waƙa. Na ce zan bayar, amma da sharaɗin a kwance igiyar jirgin, kuma a nemi Baba mai taru. Har yau bai aiko an karɓa ba.